Mazubin da Na Zaɓa wa Ɗan Likita

Watan jiya 'ya'yan ƙanena suka rushe rumfar maƙerar gidanmu, za su yi shagon cajin waya a wurin. Ban hana su ba. Rabon da a hura wuta a rumfar har na manta, zuga-zugin gara ta gama da fatarsa, uwar maƙera kuwa tuni wani ya sayar wa 'yan gwangwan. Suna cikin kwashe tarkace aka kawo mini wani ɗan ƙarfe mai hannu biyu kamar awartaki, duk ya yi tsatsa, ana tambayata ko na cire haƙori ne. Na karɓa na buɗe. Mazubin harsashin kakana ne, wanda yake zuba narkakkiyar dalma a ciki ya fitar wa maharba ƙwayar da suke ɗura wa bindigar toka. Na zauna da shi a hannu har aka kira la'asar. Amma ba kakana kaɗai nake tunawa ba. Wani mazubin nake tunawa, a wata ƙasa, da wata ranar Lahadi da har yau in ta faɗo mini a rai sai kunya ta rufe ni.

Yaran yanzu da ƙarar janareta suke tashi. Mu da ƙarar masaba muka tashi, tun kafin rana ta fito sosai, kakana yana duka babana yana amsa masa, kamar masu hira. Aikina shi ne zuga. In zauna a ƙasa, zuga-zugi a tsakanin ƙafafuna, in danna dama in danna hagu har kafaɗuna su ƙage, gawayi yana tartsatsi, ƙarfe yana ja. In na yi gyangyaɗi wuta ce take fara tona mini asiri, sai ta yi sanyi, kakana ko waiwayowa ba ya yi zai ce a zuba wa mai zuga ruwa. Fartanya da lauje da gatari su ne aikin kullum. Ranar dalma kuwa daban take. Kakana ba ya zuba wa maharbi harsashi sai ya zaunar da shi ya tambaye shi ɗan wane ne, wane daji zai shiga, kuma me zai harba. Sai mutum ya faɗi sunan naman da bakinsa, gada ce ko barewa ko gyadon da ya dame shi a gona. Baƙon da ba a san asalinsa ba, a ba shi ruwa ya sha, a yi masa fatan alheri, ya tafi hannu rabbana ko nawa ya zo da shi. Na taɓa tambayarsa dalili, sai ya ce fartanya in ta sare shuka a sake shuka wata, amma wannan in ya fita ba ya komowa. Ya ce ƙarfe ba shi da baki, maƙeri ne yake da shi, don haka shi ne zai yi tambaya.

Da na shiga makarantar kwana na gane ashe gadonmu abin tsokana ne. Ɗan maƙera, baƙin hannu, mai warin gawayi, babu sunan da ban sha ba. Sai na koyi rufe baki. In aka tambaye ni sana'ar babana in ce ɗan kasuwa ne, in lallashi zuciyata da cewa ai ba ƙarya na yi ba, tunda yana kai fartanya kasuwa ranar Laraba. Abin dariyar shi ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na gudu daga maƙera na je jami'a na karanta ilimin ƙarafa, na zama malami a kansa, har aka tura ni ƙarin karatu Manchester. Na bar mata da 'ya'ya biyu a gida, na hau jirgi da kwat da takardu, da kuma wannan ƙaryar tawa ta ɗan kasuwa.

Ɗakina a unguwar Levenshulme yake, a saman wani gida cikin jerin gidajen nan masu manne da juna, inda in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu. Har yanzu ina jin ƙarar basa-basan titin Stockport a kunnena, da yayyafin da ba ya ƙarewa kuma ba ya zama ruwan kirki, da ƙugin na'urar ɗumama ɗaki da asuba. Shekarun tsuke bakin aljihu ne a ƙasar. Kullum labarin da ake yi ke nan, gwamnati ta rage nan, council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe can. Ɗakin karatun unguwa aka rage masa kwanaki, Turawa da kansu suna layin karɓar abincin taimako a bakin coci, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Mu ɗaliban Arewa mukan haɗu a ɗakin wani a Hulme ko Fallowfield, a tuƙa tuwon garin shinkafa, a yi ta hirar gida. Mafi yawansu 'ya'yan manya ne, wannan babansa babban sakatare, wancan kawunsa alƙali. A irin wannan zama nakan sa hannuwana a aljihu, don akwai tabon tartsatsi a bayansu tun na yarinta.

Wanda ya riƙe ni a ƙasar wani likita ne a Birmingham, mutumin yankinmu, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam. Duk wata nakan shiga doguwar mota in je in kwana biyu a gidansa. Matarsa Hajiya tana da daddawa da kuka da ba sa yankewa, ban san ta inda suke shigo mata ba, kuma ba ta taɓa bari na koma ba tare da ƙunshi ba. Rigar sanyin da na yi shekara huɗu ina sawa ta Likita ce. Lokacin da ciwon huhu ya kwantar da ni, shi ya tuƙo mota tun daga can ya ɗauke ni, na yi jinya a ɗakin baƙinsa. Duk wannan, shi ma ɗan kasuwa na ce masa babana ne.

Babban ɗansu ya haura ashirin a lokacin, haifaffen can, Turancinsa irin na mutanen garin, Hausarsa kuwa tana ɗingishi. Uncle yake ce mini. A gidan da kowa littafi ya sani, shi hannu Allah ya ba shi. Ya bar jami'a ya kama aiki a wata cibiyar matasa yana koya wa yara gyaran keke, kuma yana son aikin. Da council ta rufe cibiyar sai ya dawo zaman gida, ya yi barci da rana, ya fita da abokan da ba wanda ya san iyayensu. Shi da mahaifinsa ba sa zama minti biyar ba a yi cacar baki ba. Likita ya taɓa jana gefe ya ce in riƙa jan yaron a jiki, tunda ya lura yana jin maganata. Na ce in sha Allahu. Kuma na ja shi. Wata rana muna gyaran ƙofar gareji ya ga tabon hannuna ya tambaye ni, sai na ji bakina ya buɗe, na ba shi labarin maƙera da zuga-zugi da kakana. Ina jiran ya yi dariya, sai na ga idonsa ya yi haske. Ya ce da ma shi aka haifa a gidanmu. Tunda nake ba a taɓa jin asalina aka yi sha'awarsa ba sai ran nan. Na roƙe shi kada ya gaya wa iyayensa, ya yi mini alkawari.

Akwai wata kasuwa da ake ci ranar Lahadi da safe a wani fili a bayan gari, inda kowa yake zuwa da motarsa ya buɗe bayanta ya baje tsofaffin kayan gidansa. A shekarun nan kasuwar ta cika sosai, don mutane da yawa suna sayar da abin da a da ba za su rabu da shi ba. Ɗan Likita ne ya ce in raka shi. Muna zagayawa ya kai ni kai tsaye wurin wani tsohon Bature mai sayar da kayan aikin ƙarfe, kuma daga baya ne na gane ya riga ya san wurin. A cikin wani akwatin katako akwai mazubai huɗu. Tun daga nesa na gane su, kamar ka hango ɗan garinku a tasha. Ya durƙusa ya ɗauko su ya miƙo mini.

"Uncle, wanne ne mai kyau? You're the expert."

Ya ce wani abokinsa ne yake tara tsofaffin ƙananan bindigogi na zamanin da, irin waɗanda doka ta bari a ajiye don ado saboda an daina yi musu harsashi, yana son mazubi ya ajiye kusa da su don kayan su cika. Na ji wannan magana da kunnena, kuma ni ba yaro ba ne. Abin da za a ajiye don ado, ina ruwansa da mai kyau da mara kyau? Ramin cikinsu ma ba irin na kakana ba ne mai fitar da ƙwaya kamar gujiya. Na ƙaramar bindiga ne, kuma babu wanda yake shiga daji neman gada da ƙaramar bindiga, balle a Birmingham. Tambayar kakana ta zo mini har bakin harshe. Ɗan wane ne abokin nan, kuma me zai harba? Ina shirin yin ta sai tsohon Baturen ya yi wata 'yar dariya, ya ce yawancin masu wucewa ba su ma san mene ne waɗannan ba. Da ni yake, na sani, ya ga baƙar fata da rigar sanyin aro. Nan take girman kai ya hau ni.

Na karɓi mazuban ɗaya bayan ɗaya, na buɗe, na rufe, na ɗaga su ga hasken rana kamar yadda na ga ana yi tun ina zuga. Na ajiye biyu gefe na faɗi aibinsu, da Turancin jami'a, da kalmomin da na tabbata tsohon bai san rabinsu ba. Na juya na uku na ce ya sha wahala a hannun wanda bai san darajarsa ba. Na huɗun na riƙe na ce wannan shi ne. Tsohon ya cire tabarau ya dube ni, ya tambayi inda na koyi wannan. Kafin in amsa ɗan Likita ya dafa kafaɗata ya gaya masa cewa kakana maƙeri ne, gadon gidanmu ne tun kaka da kakanni. Da alfahari ya faɗa. Ni da na yi shekara ashirin ina ɓoye wannan magana, ran nan sai da na ji kamar an naɗa mini rawani. A hanyar komawa ya yi ta yi mini tambayoyi, ni kuma na yi ta zuba kamar ina gaban aji. Ba zan maimaita abin da na gaya masa ba. Abin da zan ce kawai, babu tambayar da ya yi mini da ta yi kama da ta mai son ado, kuma babu wadda na ƙi amsawa.

Da a ce a nan abin ya tsaya, da na ce ruɗin rana ɗaya ne. To Allah ya sake ba ni dama. Bayan wata biyu muna cin tuwo a gidansu, yaron ya miƙa hannu zai ɗauki ruwa, hannun rigarsa ya ja baya, na ga sabuwar ƙuna a wuyan hannunsa, ɗigo-ɗigo. Ɗan maƙeri ba ya kasa gane tabon narkakkiyar dalma. Ya ga na gani, ya ja rigarsa ya rufe. Likita yana zaune a gefena yana ba ni labarin asibiti, Hajiya tana ƙara mini miya. Kalma ɗaya ta isa. Ko in bi yaron waje in kama shi da faɗa, ko in ja mahaifinsa gefe bayan an yi sallah. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce wa kaina ƙila keke yake gyarawa. Na ce saura mini shekara in gama, in magana ta kai ga hukuma ɗalibi baƙo ne farkon wanda za a kora. Kuma can ƙasan zuciyata akwai wani dalilin da ya fi waɗannan muni. In na yi magana dole Likita ya tambaye ni yadda aka yi na gane, dole in ce masa ni ɗan maƙera ne, na yi shekara uku ina cin tuwonsa da ƙarya. Na sunkuyar da kai na cinye tuwona, har na yaba miyar.

Da hantsi Hajiya ta kira ni, ina ɗakin gwaje-gwaje. Da ƙyar na gane abin da take faɗa. An harbi wani saurayi a wurin ajiye motoci, ya rayu amma ƙafarsa ba za ta koma daidai ba. Bincike ya kai 'yan sanda wani gareji da wasu samari suka kama haya, aka sami tsofaffin bindigogi da dalma da kayan zubi, kuma ɗanta yana cikin waɗanda aka kama. Ban taɓa sanin ko harsashin da ya sami ɗan mutanen nan daga mazubin da na zaɓa ya fito ba. Na daɗe ina fakewa da wannan rashin sani, har na gaji na daina. Na isa Birmingham da yamma na tarar da Likita a falo, da kayan aiki a jikinsa, ko takalmi bai cire ba. Na zauna kusa da shi. Can ya ɗago kai.

"Malam, mu ba maƙera ba, mu ba maharba ba. Ko wuƙar yanka rago sai an wasa mini. A ina yaron nan ya koyi wannan?"

"Intanet ne, Yaya," na ce. "Yanzu komai yana ciki."

Ya gyaɗa kai, ya ce haka ne. Wannan ita ce amsar da na ba mutumin da ya yi jinyata.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na yi watanni duk motar da ta tsaya a ƙofar gidanmu a Levenshulme sai na leƙa ta taga. Ba wanda ya zo. Yaron bai ambaci sunana ba, ko ga 'yan sanda, ko ga lauya, ko ga iyayensa. Alkawarin da na sa ya yi mini don in rufe asalina, shi ya riƙe har kotu. Aka yanke masa shekaru masu yawa. Sau ɗaya na raka Likita ziyara gidan yarin. Yaron ya rame, an aske masa kai. Ya gaishe da mahaifinsa, ya juyo ya dube ni ya ce, Uncle, ya karatu? Na ce alhamdu lillahi. Ban iya haɗa ido da shi ba, na yi ta kallon teburin har lokaci ya cika.

Likita kuwa kansa ya ɗora wa laifin. Ya rage aiki, ya daina zuwa taron 'yan Arewa, don wasu da suke cin abinci a gidansa sun fara janye jiki suna hana 'ya'yansu zuwa. Cikin shekara ɗaya furfura ta gama da shi. Ni na ci gaba da zuwa, har na ƙara, duk sati biyu. Mutane suka yi ta yaba mini, wai Malam ɗan halak ne. Likita yakan zaunar da ni ya ce da ya san haka da bai karɓi aikin dare ba, da ya saurari yaron lokacin da ya ce ba ya son jami'a, da ya tsaya ya ga su waye abokansa. Sau nawa na ji wannan, kuma sau nawa na ce masa ƙaddara ce, ya yi haƙuri. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wanda ya yi karin maganar nan ba irin abin da na haɗiye yake nufi ba. Yau ɗalibaina suna tsokanata wai na cika bincike, in ɗalibi ya nemi aron ko da awartaki ne sai na ji me zai yi da shi. Suna ganin tsufa ne. Ba su san tambayar da na ƙi yi a kan lokaci ce nake ta yi wa waɗanda ba su da laifi ba.

Ranar da zan dawo gida, Likita da Hajiya suka taso tun safe daga Birmingham don su kai ni filin jirgin Manchester. Na riga na yanke shawara zan gaya masa a hanya. Muka wuce Levenshulme ina shirya kalmomi, muka hau babban titi ina jiran Hajiya ta gama lissafa mini waɗanda zan gaisar mata, kafin in ankara mun iso. Ya sauke mini akwatuna da kansa, ya hana ni ɗauka. Sannan ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu kamar yadda ake yi in za a rabu.

"Malam, zo mu zauna zo mu saɓa. In mun yi maka wani abu, ni ko iyalina, ka yafe mana."

"Yaya, ni ne zan nemi gafara," na ce. "Akwai abin da ban..."

Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Kai? Kai da ka tsaya mana lokacin da kowa ya gudu? Wanda na sani da wanda ban sani ba, na yafe maka duniya da lahira."

Da na ce masa ya tsaya ya ji tukuna, da ya tsaya. Akwai lokaci, jirgina da sauran awa uku. Amma na ga an miƙo mini abin da nake nema ba tare da na biya komai ba, sai na karɓa. Na ce na gode, Allah ya bar zumunci. Na ja akwatina na shige.

Na tambayi malamai daga baya, ba tare da na ce ni ne ba. Wani ya ce yafiya ta yi tunda ya haɗa da abin da bai sani ba. Wani ya ce a'a, haƙƙin da in mai shi ya ji girmansa ba lalle ya yafe ba, sai an faɗa masa. Na fi son maganar na farkon, amma ta na biyun ce take hana ni sakewa. Likita ya rasu kafin ɗansa ya fito, yana ganin shi ne ya lalata yaronsa. Hajiya tana nan da ranta. Duk sallah takan aiko mini da saƙon murya, ta kira ni ƙanin Likita, ta ce ba za ta manta alherina ba. Lambarta tana cikin wayata. Jiya ma na buɗe na daɗe ina kallonta, sannan na mayar da wayar aljihu.